Tsinkakkiyar Tawadar Kawu Katsuji

Da aka zauna shawarar bikin cikar Kaka Kinue shekara tamanin da takwas, babu wanda ya zaci za a yi gardama a kan wanda zai rubuta takardun gayyata da allon ƙofar zaure. Shekara talatin ke nan tsohon wanzamin unguwarmu, Hamaguchi, yake yi wa kowa irin wannan rubutu da alƙalamin gashi, na aure da na buɗe shago da na saukar sabon jirgin kamun kifi, kuma ba a taɓa kuka da hannunsa ba. Mahaifiyata ta ambaci sunansa ke nan, sai yayanta, Kawu Katsuji, ya dire kofin shayinsa.

"Wanzami?" in ji shi. "Uwar da ta haife ni ta kai tamanin da takwas, a ce mai aske ƙeya ne zai rubuta sunanta? Ina raye?"

Matarsa, Inna Harue, ta ce, "To wa zai rubuta? Kai da ko ambulan ni nake rubuta maka tun da aka kawo ni gidan nan."

"Don ban ga dama ba ne. Mako mai zuwa ƙungiyar 'yan kasuwa za ta kai mu yawon buɗe ido Nara, garin tawada. Akwai ajin koyon rubutu a can na awa biyu. Awa biyu ta ishe ni, har da ragowa. Abin a jini yake."

Kaka tana gefe tana ɓare lemo. Ba ta ɗaga kai ba ta ce, "A jinin wa?"

Kawu mutum ne mai sayar da busasshen kifi a bakin tashar jiragen ruwa, kuma idan ya ce zai yi abu, shagon kifi yakan ji kafin gida ya ji. Kafin mu hau motar Nara babu wanda ya sayi kifi bai sayi labarin ba. Ya gaya wa kowa cewa ranar bikin za a ga bambancin rubutu da zane-zanen wanzamai. Maganar ta kai kunnen Hamaguchi, ya yi murmushi kawai, ya ci gaba da wasa askarsa.

A Nara sauran abokan tafiya suka tafi ciyar da barewa. Mu uku ne muka nufi ajin: Kawu, da ni, da Hamaguchi, wanda ya ce shi ma yana so ya ƙara sani. Ajin yana bayan wani tsohon shagon tawada, kuma mun tarar da baƙi kamar goma sun riga mu durƙusawa a tabarma. Kawu ya shigo sanye da wata riga mai faɗin hannu da ya saya a hanya, irin wadda ya gani a hotunan manyan marubuta.

Mai koyarwar, Malama Ukai, 'yar siririyar dattijuwa ce mai magana ƙasa-ƙasa. Ta ba kowa dutsen guga mai ɗan rami da sandar tawada da 'yar butar ruwa. Ta ce a ɗiga ruwa kaɗan, a riƙa goga sandar a hankali har tawadar ta yi kauri ta yi baƙi, kamar minti ashirin.

"Minti ashirin a goge-goge?" in ji Kawu. "Malama, wannan na 'yan koyo ne. Ni da za a ba ni takarda kawai."

"Maigida ya taɓa yi ne?"

"Hannun nan shekara arba'in yana riƙe wuƙar kifi. Wanda ya iya wuƙa, gashin akuya ne zai gagare shi?"

Ya juye ruwan butar gaba ɗaya a dutse, ya kama sandar ya darza ta kamar mai kankare ɓawon kifi. Ruwan ya fallatsa wa wata baƙuwa a tabarau. Kafin mu mu kai rabin guga, Kawu ya tsoma alƙalami ya ce ya shirya. Abin da ke cikin dutsensa launin ruwan wanke-wanke ne.

Darasin farko shi ne harafin "ɗaya", wato layi guda a kwance. Kawu ya ce bai yi tafiyar awa biyar don ya ja layi ba, amma zai ja don ya nuna wa yara. Ya ja. Layin ya fito da ciki kamar macijin da ya haɗiye ƙwai, takardar ta jiƙe har ta ɓule a tsakiya. Ya faki idon Malama ya sake bi ta kan layin don ya daidaita shi. Malama ta zo ta ɗaga takardar a hasken taga, layukan biyu suka fito rau, ɗaya a kan ɗaya.

"Ba a bin layi sau biyu, Maigida. Abin da alƙalami ya yi ya yi."

"Salo ne," in ji Kawu.

Daga bayan aji Hamaguchi ya ce, "Ni ma in na yanke kunnen mutum, salo nake ce masa."

"Kai wanzami, ka ji da dutsenka. Tun ɗazu kake guga kamar mai jiran gado."

"Ai sauri ya haifi nawa, Katsuji."

Kawu ya juya zai mayar masa, hannun rigarsa ya share dutsen, ya biyo ta kan takardun mutum biyu. Ya yunƙura zai miƙe ya ba da haƙuri, ashe ƙafafunsa sun mutu saboda durƙuso. Ya tashi kamar ɗan maraƙi sabon haihuwa, ya taka dutsen da ƙafar dama, ya dafa ƙofar takarda da hannun hagu, hannun ya zarce waje har kafaɗa. Malama ta ce ba komai, ta nuna masa famfo a tsakar gida.

Yana can yana wanke wando, Malama ta ɗaga takardarsa ta nuna wa aji. Ta ce, "Tunda ga misali ya samu, ku lura. Tawada tsinkakkiya irin wannan ta takardar mutuwa ce kaɗai. Magabata sun ce hawaye ne ya zuba a dutse, ko kuwa mummunan labari ne ya zo ba a sami zarafin guga ba. Abin farin ciki kuwa sai baƙa ƙirin."

Kowa ya gyaɗa kai. Abu ne da kusan kowa ya sani, har na yi mamakin da ta ɓata bakinta. Ban san cewa akwai mutum ɗaya da bai sani ba, kuma yana tsakar gida yana matse ƙafar wando.

A ƙarshen darasi Malama ta bi takardu da jar tawada. Wanda ya yi daidai ta zana masa da'ira. Hamaguchi ya sami da'ira mai kunnuwa kamar fure. Takardar Kawu kuwa gyara ta sha, sama da ƙasa, har ja ya rinjayi toka.

A mota ya riƙa zagayawa da ita kujera-kujera. "Ku duba. Wanzami da'ira ɗaya tak aka ba shi. Ni kuwa sai da jar tawadarta ta ƙare a kaina. Kuma da bakinta ta ce shekara arba'in tana koyarwa ba ta taɓa ganin hannu irin nawa ba."

Wannan gaskiya ne, ta faɗa.

Da ya zauna na matsa kusa na ce, "Kawu, game da tawadar nan taka, Malama ta ce..."

"Na san abin da ta ce. Hassada har a Nara akwai ta. Baƙar tawada ta allon farashin kifi ce. Mai laushin launi ita ce ta masu zurfin tunani. Kohei, abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba."

Na dubi Hamaguchi. Ya lumshe ido kamar mai barci. Na yi shiru, na ce a raina ai Inna Harue za ta ga takardun kafin su fita. Wannan shiru nawa ne, kuma na amsa laifinsa.

Inna Harue ba ta ga komai ba. Kawu ya kwashe kayan rubutunsa ya shige rumfar ajiye raga, ya sa sakata, ya ce gwani ba ya nuna tuwo kafin ya nuna. Kwana goma ana jin ƙarar yaga takarda. Da ya rage kwana huɗu, ciwon ƙafafun Kaka ya motsa, aka yanke shawarar a kai ta wanka a ruwan zafi na kan dutse don ta iya zaman biki. Ni na tuƙa su, ita da Inna Harue da mahaifiyata. Masaukin yana cikin kwazazzabo, waya ba ta kamawa. Muka ce sai ranar biki za mu sauko kai tsaye zuwa zauren unguwa. Abin da ya faru bayanmu, daga baya maƙwabta suka ba ni labari, kowa da nasa guntun.

Kawu ya so ya rubuta doguwar gayyata mai kirari. Amma harafin murna yana da lanƙwasa da yawa, duk lokacin da ya gwada sai ya zama kaguwa da mota ta taka. Bayan ya ɓata takarda ta fi ɗari, sai ya gano cewa manyan marubuta ba sa yawan magana. Ya rubuta sunan Kaka, da rana, da sa'a, da zaure. Shi ke nan. Da ya ga yatsunsa sun ɓata gefunan takardun, sai ya bi kowace da alƙalami ya zagaye ta da layi mai duhu don ya rufe dattin. Ya yaba wa kansa wannan dabara ƙwarai. Ya kai na nesa gidan waya, na kusa ya bi gida-gida yana jefawa a akwati, saura kwana biyu.

To, a ce kai ne maƙwabci. Kwana biyu ba ka ga tsohuwa a ƙofar gida ba. Tagogi a rufe. Sai ga farar takarda da sunanta, da tsinkakkiyar tawada, da baƙin zagaye irin na sanarwar rasuwa, da rana da sa'a.

Kafin azahar labari ya gama tashar jiragen ruwa: Kinue ta tafi, saura kwana biyu bikinta. Mata suka tafa hannu suka ce duniya ke nan. Wasu suka je gidan, suka ji motsi a rumfar raga, suka ƙwanƙwasa a hankali.

"Kada a dame ni!" in ji Kawu daga ciki, yana fama da babban allo. "Abin da ke gabana ya fi ƙarfin surutu!"

Suka koma da sanɗa, suna cewa ashe haka yake son uwarsa.

Ƙanwar Kaka, Goggo Tomie, ta bugo waya daga ƙauyensu. Da ta ji muryarsa ta ce, "Katsuji, na ga takarda," sai kuka ya ci ƙarfinta. Kawu ya saurara har ta gaji ta ajiye. Da yamma ya gaya wa mai sayar da ƙanƙara cewa rubutunsa ya sa tsohuwa ta kasa magana. Mai ƙanƙara ya dafa kafaɗarsa ya ce ya daure.

Ranar biki muka sauko da hantsi. Kaka ta sha ado: 'yar shara ruwan zinariya da hula ruwan zinariya, kamar yadda ake yi wa mai tamanin da takwas. Tun daga kwanar gidan mai na fara ganin mutane cikin baƙaƙen kaya suna tafiya a hankali, duk hanyar da muke bi.

Kaka ta leƙa ta taga ta ce, "Wayyo, wa ya rasu kuma? Ya rasa ranar mutuwa sai ranar bikina?"

Inna Harue ta ce, "Ko tsohon mai gyaran inji ne? An ce yana jin jiki."

"Ga shi can yana tafiya da sanda," in ji Kaka. "Shi ma baƙi ya sa."

Na tsayar da mota a ƙofar zaure. Allon Kawu yana jingine, ya fi mutum tsawo, sunan Kaka a jiki da launin toka, wani harafi yana zubar da hawaye har ƙasa, baƙin layi ya zagaye shi. A gindinsa an jera fararen furanni. Mutum fiye da sittin ne a tsaye, da carbi a hannu. A tsakiyarsu ga Kawu cikin rigar nan mai faɗin hannu, da jan fure a ƙirji, yana washe baki yana cewa, "Ku matso ku gani da kyau! Kada ku ji kunya, kukan ma yabo ne!" A lokacin ya fara lura da kayan jikinsu, amma ya ɗauka girmamawa ce.

Inna Harue ta dubi allon ta dafe kai. "Ya kashe ta," ta ce. "Ya kashe ta da alƙalami."

Kafin mu fito sai ga malamin haikalinmu a kan ɗan babur ɗinsa, riga tana kaɗawa, fuska a murtuƙe. Ya sauka ya nufi Kawu.

"Katsuji, kakanninku bakwai a haikalinmu suke kwance. Me muka yi muku da za ku kira wani ya yi wa mahaifiyarka addu'a, ni sai dai in ji a bakin mai ƙanƙara?"

"Addu'ar me, Malam?"

"Ina gawar take?"

"Gawar wa?"

Daidai nan Kaka ta buɗe ƙofar mota ta sauko, tana walƙiya cikin ruwan zinariya kamar sabuwar tukunyar tagulla.

Goggo Tomie ce ta fara ganin ta. Ta ƙwalla ƙara ta zauna daɓas a cikin furanni. Wata maƙwabciya ta zaro ƙullin gishirin da ta tanada don tsarkake jiki bayan jana'iza, ta watsa wa Kaka a fuska. Mai gyaran inji ya yar da sanda ya yi taku biyar da gudu, abin da likita ya ce ba zai sake yi ba. Malamin haikali ya ɗaga carbi, ya sauke, ya rasa wace addu'a ta dace.

Kaka ta kakkaɓe gishiri daga hularta. Ta taka a hankali har gaban allon, ta sa tabarau, ta karanta shi daga sama har ƙasa.

"Katsuji."

"Na'am, Inna."

"Yaushe na mutu?"

"Inna, salo ne. A Nara..."

"A Nara haka ake yi wa uwa? Da ka gaya mini, ai da ban ɓata kwana huɗu ina jiƙa gwiwa ba." Ta matsa kusa da allon. "Kuma ka bi layin nan sau biyu. Ko a lahira sai a gane."

Wani ya yi tari don ya danne dariya, tarin ya ƙi, sai zauren gaba ɗaya ya ɓarke. Masu hawayen gaske suka koma hawayen dariya. Kawu ya juya dama, ya juya hagu, ya ce laifin takardar ne, ba ta shan tawada. Ya ce laifin ruwan garinmu ne, gishiri ya yi masa yawa. Ya ce mutanen bakin teku ba su san zurfin abu ba. Kowace hujja ya kawo, dariya ta ƙaru.

Sai ga Hamaguchi ya ratso taron. Shi kaɗai ne ba baƙi a jikinsa: kwat mai haske ya sa, da jan laktaye a wuya, da ƙunshi a hammata.

Malamin haikali ya ce, "Kai ka san tana raye?"

"Na ga hannun, na ga tawadar, na san ba hawaye ba ne, ƙyuya ce."

Inna Harue ta ce, "Haba Baba Hamaguchi! To me ya hana ka gaya wa mutane?"

"Wa ya tambaye ni, 'yar nan? An ce ni mai aske ƙeya ne. Na tsaya a ƙeya."

Ya kwance ƙunshin. Dutse ne da sandar tawada da alƙalami da sabuwar takarda. Ya durƙusa zai fara guga, Kaka ta ɗaga hannu.

"A'a. Hannunka na rubutu ne, kada ka gajiyar da shi. Katsuji, zo nan. Durƙusa. Ɗigo uku na ruwa, ba buta ba. Ba za a buɗe tukunyar shinkafa ba sai na ga fuskata a cikin tawadar nan."

Haka Kawu ya durƙusa a tsakiyar zaure, gaban mutum sittin masu baƙaƙen kaya da yunwa, yana guga. Duk bayan ɗan lokaci ya ɗago ya ce ta yi, Kaka ta leƙa daga kan matashinta ta ce, "Wannan ta mai jinya ce. Ci gaba." Ita kuwa ta yi amfani da lokacin ta bi fuskoki ɗaya bayan ɗaya. Ta gode wa Goggo Tomie saboda kukanta, ta ce ya fi wanda ta yi wa mijinta. Ta tambayi matar mai ƙanƙara dalilin da idonta yake a bushe. Ta ce furannin 'yan ƙungiyar kasuwa sun yi kaɗan, a gyara kafin ranar gaskiya.

Da tawada ta yi baƙi ƙirin, Hamaguchi ya tsoma alƙalami ya rubuta harafin murna da numfashi ɗaya, aka yi tafi. Aka kawo jar shinkafa da gasasshen kifi, malamin haikali ya buɗe taro da fatan tsawon rai, tunda dai ya riga ya zo.

Mahaifiyata ta ce in ɗauke allon Kawu in kai bayan zaure a ƙone. Kaka ta hana.

"Cire takardar jikinsa ka naɗe mini, Kohei, ka sa a saman kabad. Ranar da abin ya zo, an huta neman mai rubutu. Sau ɗaya ɗana ya yi mini aiki kafin lokacinsa, ba zan bari a ƙone ba."

Kawu bai ci shinkafar da wuri ba, domin ƙafafunsa sun sake mutuwa, sai da mutum biyu suka ɗaga shi suka jingina da bango. Da na kai masa kwanonsa, na tarar ya riƙo hannun rigar mai gyaran inji, yana nuna masa harafin Hamaguchi da tsinken cin abinci.

"Ka ga baƙin nan?" yake cewa. "Ka ga ƙyallin? Jan layi kowane wanzami ya iya. Gugar ita ce sana'ar."